Shekarar da Na Kai Goran Inna Ɗakin Karatu

Ku 'ya'yana da jikokina, duk kun taso kun ji ana cewa ni da Baba Audu, wan mahaifinku, mun yi damina biyu ba mu gaisa ba. Wasu sun ce a kan fadama ne, wasu sun ce bakina ne ya ja mani. Fadamar daga baya ta shigo, bakin kuma ban musa ba, ina da shi. Amma tushen maganar dawa ce, da sunan mahaifiyata, da wani ɗan ɗakin karatu da aka taɓa yi a Malumfashi. Na so in tafi kabari da zancen, sai abin da Jummai ta zo mani da shi bara ya sa na ga gara ku ji daga bakina. Ita ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa. Ban taɓa zama a aji ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mani.

Ita Jummai, ɗiyar autana, tana cikin wasu samari da 'yan mata da ke haɗuwa duk Asabar a laburare, suna rubuta labarin garuruwanmu da abincinmu da sana'o'inmu cikin wani babban kundin sani da ke cikin waya, wanda aka ce ko'ina a duniya ana buɗe shi, kuma kowa na iya ƙarawa ko gyarawa. Babu mai biyan su, sa kai ne. Masu laburaren su ba su wuri da littattafai, su kuma su yi ta zubawa. To sai ta rubuta labarin 'yar-wuri, dawar nan tamu mai saurin nuna, kamar yadda na ba ta shi. Gari na wayewa wani da ba ta taɓa ganin fuskarsa ba ya share, ya bar mata saƙo. Ta zo mani baki a tsuke, ta jefar da jaka a kan tabarma.

"Kaka, sun ce maganarki ba madogara ba ce. Sai an nuna littafin da aka rubuta ta a ciki."

"To ki gaya masu an rubuta. Tun ubanki bai san amfanin wando ba aka rubuta."

Ta zaci tsufa ne ya motsa mani. Ni kuwa dariya nake, don wannan doka da ta ɓata mata rai na san ta, na sha ɗacinta tun kafin a haifi wayar.

Bari in fara da Inna. Sunanta Tabawa, a wani ƙauye wajen Bakori ta yi zaman aure. Mu matan gidajenmu da ma muna noma. Bayan aikin gandu kowace mace tana da 'yar gayaunarta. Inna ta lura a cikin dawarta akan sami zangarniya ɗaya ko biyu da ke riga saura nuna. Sai ta riƙa ɗaure su da tsumma tun suna tsaye, in an yi girbi ta ware su, ba ta bari su shiga dami. Shekara ta kewayo ta shuka su daban, ta sake zaɓen na gaba a cikinsu. Haka ta yi ta yi tun ina goye har na isa ɗaukar tulu. Mutane suna yi mata dariya, suna cewa Tabawa na noma wa tsuntsaye, don dawar da ta riga ta kowa nuna a kanta duk tsuntsun gari ke sauka. Mu 'ya'yanta mu muka ci wuyar kora, makogwaronmu har ya dushe. Amma a ƙarshe ta sami irin da ke ƙosawa sati uku kafin farfara. Ba ta sayar ba, ba ta kai kasuwa ba. Abin da take yi, duk yarinyar da za a kai ɗakin miji, tata ce ko ta 'yan'uwa ko ta maƙwabta, Kirista ce ko Musulma, sai Inna ta cika mata ɗan gora da irin, ta gauraya da toka don ƙwari, ta toshe bakin da yumɓu, ta ɗora wuƙa a wuta ta yi zane uku a wuyan goran. A cikin kayan ɗaki yake tafiya, tsakanin tasoshi da ƙore. Nawa ya biyo ni nan gefen Gozaki a kan jaki.

Surukina, kakanku Sarkin Noma Tanko, mutum ne mai ido. Daminata ta farko ya ga gayaunata ta yi ja alhali gandu na nan kore shar, ya aiko uwar mijina ta roƙar mashi tafi biyu. Ya riƙa shuka ta a gefen gandu har ya tara rumbu guda. Shekarun da aka yi farin nan, ruwa ya ɗauke dawa na bununi, gonakin mutane suka tsaya sai kara. 'Yar-wuri kaɗai ta riga ta sha ruwanta ta cika ido. Da bazara ta zo mutane sun cinye har irin shukarsu, sai tsohon ya buɗe rumbun nan ya raba wa gari kaf, bai tambayi kowa komai ba. Wannan gaskiya ce, da idona na ga layin mutane har bakin rafi. Ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Bayan haka da kamar shekara goma, damina ɗaya da rasuwar Inna, wasu 'yan gari suka buɗe ɗakin karatu a wani tsohon siton auduga a Malumfashi. Mai kula da shi Malam Sani ne, mutumin Bakori, siriri, tabarau ɗinsa ɗaure da zare. Littattafan da aka tara mashi duk na wasu ƙasashe ne, suna ba da labarin alkama da ƙanƙara, babu wanda ya san kaura daga farfara. Abin ya dame shi, sai ya tara masu sa kai: malaman firamare, da wani mai ba da magani a asibiti, da tsohon malamin gona ana ce mashi Malam Lawal. Suka sayi wani ƙaton kundi mai baƙin bango, suka ce za su rubuta duk abin da ƙasarmu ta sani. Kowa ya hau kekensa cikin mako ya tambayo, ranar Asabar su haɗu su karanta wa juna, ranar kasuwa kuma a karanta a ƙofar ɗakin don duk mai gyara ya yi. Dokarsu ita ce: kowace magana da fensir ake fara rubuta ta, ba a bin ta da tawada sai an sami shaidu biyu da ba tukunya ɗaya suke ci ba.

Namu wakilin shi ne Malam Bulus, malamin makarantar ƙauyenmu. Ya je gindin tsamiya inda maza ke zama ya tambayi asalin 'yar-wuri. Baba Audu, wanda a lokacin shi ne mai'unguwa, ya ce mahaifinsa ne ya samo ta, wani tsoho ya gyaɗa kai, shi ke nan shaidu biyu. Ranar Lahadi bayan sujada a cocinmu Malam Bulus ya tsaya ya karanta wa jama'a yana fara'a, cewa sunan ƙauyenmu zai shiga kundi, domin Sarkin Noma Tanko ne ya samo dawar da ta ceci ƙasa. Aka yi tafi. Ina zaune a ɓangaren mata, na duba dama da hagu, na ga mata uku da na san akwai goran Inna rataye a ɗakunansu, su ma suna tafi. Na tashi na koma gida, tuwon ranar sai da ya ƙone.

Na sami mahaifinku yana gyaran garma na faɗa mashi abin da ke raina. Mutum ne mai sanyi, kun san shi. Ya ce in bar zancen, takarda ba za ta rage wa Inna komai a inda take ba. Ya tuna mani fadamar da nake noman albasa da tumatir, wadda da ita muke rufa wa kanmu asiri da rani, ta Yaya Audu ce, aro ya ba mu. Ya ce matar ƙane ba ta ƙaryata wan miji a gaban mutane, ko da a ce ya ce rana daga yamma take fitowa. Na ce na ji. Na kwana biyu ina jin, amma duk lokacin da na ɗaga ido na ga goran nan a jikin bango sai in ga Inna tsugune cikin rana tana ɗaure zangarniya, ana yi mata dariya. Da ranta an yi mata dariya, yanzu kuma da ta mutu za a shafa tawada a kan aikinta da sunan wani. Ranar kasuwa na ɗaure goran a cikin zane, na ce za ni sayen gishiri, na hau a-kori-kura.

Ban taɓa shiga irin wurin ba. Na ga shiru, na ga mutane sun sunkuyar da kai, sai na cire takalmina a bakin ƙofa na shiga da sallama a hankali kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Malam Sani ya taso ya tambaye ni ko wani nake nema. Na ce mai baƙin littafi nake nema, an yi kuskure a ciki. Bai yi dariya ba, abin da ya sa na girmama shi har ya mutu ke nan. Ya ba ni benci, ya ɗauko kundin, na kwance goran na ba shi labari tun daga tsumman farko. Da na gama ya juyo mani da shafin, ko da yake ya san ba na karatu.

"Baiwar Allah, kin ga har yanzu fensir ne, kin zo a kan lokaci. Amma ke ɗiyarta ce, kuma ke kaɗai ce. Su suna da biyu."

"Malam, a duk yawon da mutanenka suka yi, mata nawa suka tambaya?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce ko ɗaya. Ya ce duk masu sa kan maza ne, gidajen kulle ba su shiguwa, a ƙauyuka kuma in sun isa maza ke tarbar su. Na ce ni babu zauren da zai tsayar da ni. Ya ce to in dawo ranar Asabar.

Asabar na dawo na tarar da su su bakwai. Malam Bulus ya gan ni ya rasa inda zai sa idonsa. Malam Sani ya ajiye wata rakoda a kan tebur ya ce yana so a ba ni ita in shiga gidaje in ɗauko muryoyin mata, su kuma su rubuta. Malam Lawal, tsohon malamin gonan nan, ya ce sam, wannan na'ura ba turmi ba ce, macen da ba ta san bihim ba za ta lalata ta cikin kwana ɗaya. Aka yi ta ja, a ƙarshe aka ce a gwada ni da kaset ɗaya. Malam Sani ya nuna mani jan maɓalli da baƙi, ya ce in danne su tare in za a fara, in danna na ƙarshe in an gama. Na farkon na riƙe. Na ƙarshen ne ya kuɓuce mani.

Na je wajen ƙanwar Inna na ɗauko maganarta tsaf, na sa rakodar a kwando na kamo hanya, ashe tana nan tana aikinta. Da Asabar ta zo aka kunna a gaban kowa. Tsohuwa ta gama bayaninta, ina zaune ina hura hanci, sai ga muryata ina zagin akuyar da ta bi ni, daga nan kuma ina gaya wa wata mata a hanya cewa akwai wani tsoho a ɗakin karatu mai kai kamar kabewa, wai shi ya fi kowa sanin dawa alhali hannunsa bai taɓa yin kanta ba. Duk suka juyo suna dubana. Na nemi ƙasa ta buɗe ban samu ba. Sai Malam Lawal ya cire hula ya shafa kan nasa, ya ce a rubuta wannan da tawada, don shi kansa shaida ne, wanzaminsa ma ya sha faɗa, ga biyu sun cika. Aka yi dariya har mai ba da magani ya faɗo daga benci. Tun daga ranar ba ni da abokin aiki kamarsa. Shi ya riƙa sayo mani batir.

Wata biyu na yi ina bin goruna. Na san duk yarinyar da Inna ta sallama, na san garin da aka kai ta. Abin da na riƙa gani ya zama kamar wasa: in na tambayi maigida a zaure inda ya sami 'yar-wuri, sai ya ce gado ce, tun kakanni. In na shiga ciki na tambayi matar, sai ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da gora mai zane uku. Wata ta mai da nata mazubin kanwa, wata na ajiye allura a ciki, amma babu wadda ta yar. A Bakori na shiga gidan Hajiya Binta, ɗiyar maƙwabcinmu liman, wadda muka yi korar tsuntsu tare muna yara. Shekara ashirin ba mu haɗu ba. Ta rungume ni, ta aika aka yanka kaza, ta ce kafin ta yi wa akwatin nan magana sai ta yi lulluɓi, tunda maza za su ji. Ta gyara zama ta ce Tabawa ce ta cika mata gora da hannunta, liman ya sa albarka, kuma a shekarar fari gidansu bai sayi hatsi ba.

Malam Sani ya zana taswira a bayan wata tsohuwar kalanda. Malam Lawal ya ɗiga ja a duk garin da ya san ana noman 'yar-wuri tun kafin fari, ni kuma ina kiran garuruwan da aka kai amaren ƙauyen Inna ana ɗiga baƙi. Duk inda ja ya sauka baƙi na kusa da shi. Sai kewayen ƙauyenmu kaɗai da ja ya yi yawa bayan fari, nan ne rabon Sarkin Noma ya kai.

Nan zan faɗi laifina, kada ku ce na wanke kaina. Da na ga haka kaina ya kumbura, na ce a goge sunan Tanko gaba ɗaya, a bar na Inna ita kaɗai. Malam Sani ya ce a'a. Ya ce dokar da ta shigo da Inna ita ce ta hana a fitar da tsohon, don rabon da ya yi shaidunsa sun fi ɗari, ni ma ina ciki. Ya tambaye ni ko ban ga layin mutane ba. Na ce na gani. Ya ce to kundin ba na gidanmu ba ne, ba kuma na gidansu ba. Na yi fushi na kwana uku, sannan na yarda, don gaskiya ya faɗa.

Ranar da za a karanta a ƙofar ɗakin, labari ya riga ya kai ƙauye. Baba Audu ya zo da babbar riga, mahaifinku na biye da shi kamar wanda za a yi wa aski da kwalba. Na durƙusa na gaishe shi, ya dubi sama. Aka jera goruna tara a kan tebur, aka kunna muryar Hajiya Binta da ta sauran, sannan Malam Bulus ya karanta sabon rubutun: Tabawa ce ta zaɓo irin a gayaunarta, ya bazu ta cikin kayan amare, Sarkin Noma Tanko kuma ya adana shi ya raba wa jama'a kyauta a shekarar fari. Malam Sani ya tambaya ko akwai mai gyara. Baba Audu ya miƙe.

"Wato ubana ɗan aike ne. Mace ta ba shi, ya miƙa."

Kowa ya juyo, ni ake kallo. Ban ɗaga kai ba, amma na yi magana.

"Yaya, da Baba bai buɗe rumbu ba, da rabin masu tsayuwa a nan ba su nan. Da Inna ba ta ɗaure tsumma ba, da babu abin da zai buɗe a kai. Ban zo rage mashi komai ba."

Ya kaɗe riga ya tafi. Malam Sani ya jira har aka gama gunaguni, ya sake tambaya ko akwai mai gyara, babu. A gabana ya buɗe kwalbar tawada. Na tsaya a kansa har ya gama, na sa ya nuna mani daidai inda sunan yake, na dangwala yatsa a layin shaidu duk da ya ce tawa ba ta cikin lissafi.

Sati bai cika ba aka aiko cewa mai'unguwa na bukatar fadamarsa. Albasata ta fara kai, haka na tumɓuke ta ɗanya. Ranin nan mun sha miyar kuka har yara suka riƙa kuka in sun ga tukunya. Kirsimeti biyu ba a kawo mana tuwo daga babban gida ba, namu kuma in an kai sai ya dawo a rufe. Mahaifinku ya yi wata guda ba ya ce mani komai sai "to" da "a'a". Ran nan muna sussuka, sai ya ce ba tare da ya dube ni ba, ai shi ya san goran, shi ya sauke shi daga kan jaki ranar da aka kawo ni. Na ajiye taɓarya na ce to me ya hana shi faɗa a Malumfashi.

"Ai ba za su karɓa ba. Tukunyarmu ɗaya."

Na jefe shi da zangarniya, ya kauce yana dariya, shi ke nan muka shirya.

Ban mayar da rakodar ba sai bayan shekara uku. Ni na ɗauko masu yadda ake daddawa, da aikin ungozoma, da kaɗi da saƙa, da sunayen ganyayen da ake ci in abinci ya yi wuya. Mata biyu suka biyo ni cikin aikin, har da wata malamar asibiti. A wurin suka laƙaba mani Malama, ni da ban san alif ba, kuma na amsa, don na ci sunan.

Da Baba Audu kuwa, bayan damina ta biyu aka sa ranar auren ɗiyarsa Saratu, ga shi uwarta ta rasu. Wata safiya ina shara sai na ga mutum a tsakar gida. Ya ajiye sabon gora, wanda babu komai a ciki, a kan turmina, ya juya wajen mahaifinku ya ce a gaya wa mutanen gidan nan Saratu za ta tashi ranar Asabar. Na ɗauki goran na cika, na zuba toka, na toshe, na ɗora wuƙa a wuta na yi zane uku. Da na kai na durƙusa na ce ina kwana Yaya, ya ce lafiya lau, ya gajiya. Iyakar sulhunmu ke nan. Fadamar ba ta dawo ba, ban kuma tambaya ba. Har ya rasu muna zaman lafiya, amma a zuciyata na riƙe cewa mutumin nan bai taɓa yarda da gaskiyata ba, bukata ce kawai ta kawo shi. Na san wasunku sun sha wannan a nono, shi ya sa har yau kuke ɗari-ɗari da 'ya'yansa.

To ku ji ƙarshen. Na tura Jummai neman baƙin kundi. Siton audugar an daɗe da rushe shi, Malam Sani ya rasu, kaset-kaset ɗin sun lalace, amma an ce an kwashe takardun zuwa babban laburare. Wata ma'aikaciya a can, Allah ya yi mata albarka, ta yi Asabar uku tana buɗe kwalaye tare da yaran, har suka same shi, gara ta ci gefe amma cikin na nan. Suka sa mashi lamba a kantar littattafai, suka ɗauki hoton kowane shafi. Jummai ta mai da labarin 'yar-wuri cikin kundin waya, ta nuna madogara, wanda ya share ɗin ma ya dawo ya gyara mata jeri ya yi godiya. Yanzu an ce ko a wace ƙasa mutum yake, in ya nema zai ga sunan Tabawa.

Ta zo ta zauna kusa da ni tana karanta mani shafin daga hoto. Ta karanta shaidu, ina jin sunayen ƙawayena da duk suka riga ni, har ta kai Hajiya Binta, na ce nan ne ƙarshe. Ta ce a'a Kaka, akwai ɗaya a ƙasa, da wata tawada daban, an rubuta shi cikin daminar da ta biyo. Ta karanta: Mai'unguwa Audu ya zo da kansa, ya ce yana nan ranar da mahaifinsa ya aika a roƙo iri daga goran amarya, shi ne ma ya shuka tafi biyun farko, ya roƙa kada a karanta wannan ranar kasuwa.

Na ce ta sake karantawa. Ta sake. Wato a daidai lokacin da yake riƙe da fadamata, yana ɗauke kai in na gaishe shi, ya hau keke ya je har Malumfashi ya ba da shaidar da ta gaskata ni, ya dawo ya ci gaba da fushinsa. Shekara arba'in maganar na kwance a takarda, ni da na cika rabin kundin ban sani ba, Malam Sani kuma ya riƙe mashi amana har kabari. Na sa Jummai ta buɗa hoton da yatsunta ya yi girma. Ga dangwalen babban yatsa nan, da tabon lauje ya raba shi biyu. Na san yatsan.

Don haka ku je ku gai da 'ya'yan Baba Audu, ku ci tuwonsu, ku bar riƙon da ni na ɗora maku bisa rashin sani. Ni na riga na yi nawa. Lahadin da ta wuce bayan sujada na sa aka kai ni maƙabarta a kan babur, na durƙusa da kyar a gefen kabarinsa na ce, Yaya, ina wuni, an karanta mani, na gode.

Bai amsa ba. Amma ai na saba.